Dillali marar masauki

Gidajen rediyo sun riga sun raɗa wa sabuwar fasahar nan suna: ƙirƙirarriyar basira. Da shi ake karanta labarai, da shi 'yan jarida ke rubutu, kuma ga alama ya zauna daram. Sai dai suna ne mai nauyi a baki, har mai karanta labarai kan ja numfashi kafin ya tunkare shi, kuma bai sauko kasuwa ba tukuna. A Mashi, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, matashin da ke rumfar cajin waya "AI" kawai yake cewa ya wuce wurin. Dattijon da ya kawo akuya kuwa ba ya raba abin da wayar kanta, cewa yake yi, "Waya ta ce." Abu guda ke nan da sunaye uku, kuma kowane suna da irin tsammanin da yake ɗora wa mai jinsa.

Basira kalmar yabo ce. Daga Larabci muka karɓo ta, asalinta gani, amma ganin zuci. Almajirin da ya ɗauke karatu tun kafin malam ya maimaita, da alƙalin da ya hango ƙarya a cikin rantsuwa, su ake ce wa masu basira, kuma kowa ya san baiwa ce daga Allah. Ƙirƙira kuma fuska biyu gare ta: akwai ta mai fasaha, akwai ta maƙaryaci, wadda ta ba mu "ƙirƙirarren labari". Da gangan ko a rashin sani, masu fassarar sun haɗa yabo da zargi a suna ɗaya. Ba yau muka fara yi wa inji irin wannan karamci ba. Kwamfuta da ta iso sai muka ce mata na'ura mai ƙwaƙwalwa, alhali ita kanta na'ura a wurin Larabawa sunan ƙaton gargaren katako ne da ruwa ke juyawa yana ɗebo wa gona ruwa, irin waɗanda har yanzu ake zuwa kallo a birnin Hama na Siriya.

Sunan Turancin ma zaɓarsa aka yi, kuma an san wanda ya zaɓa. A 1955 John McCarthy da abokansa uku suka rubuta takardar neman kuɗin wani taro da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, a cikinta sunan ya fara fitowa. McCarthy ya faɗa daga baya cewa yana son raba kansa ne da wani fage da ya riga ya yi suna a ƙarƙashin Norbert Wiener. Herbert Simon da Allen Newell, waɗanda suka je taron da manhajar da ke aiki a hannunsu, sun fi son wani suna marar armashi, wanda bai wuce "sarrafa bayanai masu sarƙaƙiya" ba. Nasu bai karɓu ba, don ba mai zuba jari a kan suna irin wannan. Shi Simon ɗin nan shi ne ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, saboda ya nuna cewa ɗan Adam ba ya yanke shawara da cikakken sani: lokacinsa kaɗan ne, labarinsa guntu, in ya sami abin da ya ishe shi sai ya tsaya. Mai sayen wake ba ya zagaye kasuwa rumfa-rumfa, ya taya wuri uku ya auna. Wato tun ran suna masanin kasuwa na zaune a wurin, ba daga baya aka gayyato shi ba.

Yau sunan da kansa haja ne. A watan Maris na 2024 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci tarar wasu kamfanoni biyu masu ba da shawarar zuba jari dala 400,000 a haɗe, saboda sun yi tallar cewa basirar na'ura ke zaɓar musu hannun jari alhali ba haka ba ne. Mu algus muke ce wa wannan, ko a nono ko a manja.

To, in an ajiye yabon gefe, me abin ke sayarwa? A shiga kara ran kasuwa a kalli dillali ya tunkari bijimi. Zai zagaye shi sau ɗaya, ya danna gadon bayansa da tafin hannu, ya damƙi gindin wutsiya ya ji kitse, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya dubi tozo, ya sa a ja shi taku kaɗan ya ga tafiyarsa. Ba sikeli, ba takarda, amma kafin ya karkaɗe hannu ya riga ya san naman da mahauci zai fitar da kuɗin da za a tsaya a kai. A layin hatsi ma haka: mai saye ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu don ya ji ko ƙasa ta yi daidai da sama, ya jefa ƙwayar wake a baki ya ji ƙarar bushewarta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Hausa na da kalmomi da dama a nan, kuma ba ɗaya suke ba. Duba na boka ne da mai bugun ƙasa. Kirdado harbi ne a duhu, ko a dace ko a rasa. Hasashe ya zama na hukuma, shi ake yi wa damina da kasafin kuɗi. Kintace kuwa shi ne na dillalin nan: auna abin da ba ka sani ba da dubban irinsa da ka taɓa gani. Aikin na'urar ke nan, ba ƙari. ChatGPT, da ta fito a Nuwamban 2022, kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take kintata, ɗaya bayan ɗaya, har jimla ta cika. Manhajar rance tana kintatar wanda zai biya, taswirar waya tana kintatar inda hanya ta cushe. Wasu malaman tattalin arziki uku na jami'ar Toronto, Ajay Agrawal da Joshua Gans da Avi Goldfarb, a kan wannan suka gina littafinsu na 2018. Suka ce a daina kallon abin kamar tsafi, a dube shi kamar kowace haja da kuɗinta ya faɗi, hajar kuwa ita ce kintace. Daga nan sai tsohuwar ƙa'ida ta yi aikinta: abin da ya yi araha akan yawaita amfani da shi, kishiyarsa ta rasa daraja, mahaɗinsa ya ƙara. In gero ya faɗi, dawa ta bi shi ƙasa dole, amma mai nono ta ji daɗi don fura za ta yawaita. Tambayar da ta shafi Mashi ita ce, a cikin aikin dillali, wane ɓangare ne kishiyar na'ura, wane ne mahaɗinta?

An taɓa yin rabin gwajin, kuma a maƙwabta aka yi. Tsakanin 2001 da 2006 wayar salula ta riƙa shiga kasuwannin Nijar ɗaya bayan ɗaya, wata ta samu bana wata sai baɗi. Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta bi farashin hatsi a waɗannan kasuwanni, ta buga sakamakon a 2010: inda waya ta shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa a kasuwannin da ke nesa da juna. Dalilin a fili yake. Falken da a da sai ya hau mota ya je ya gani da idonsa, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Friedrich Hayek ya rubuta tun 1945 cewa farashi ɗan aike ne, yana ɗauke da labarin fari da yalwa zuwa ga mutumin da bai san inda aka yi su ba, waya kuwa ta ƙara wa ɗan aiken nan sauri. Amma da Aker ta koma tare da Marcel Fafchamps suka dubi kuɗin da manomi ke karɓa a hannunsa, ba su ga ya ƙaru ba. Manomin da ya san kuɗin buhu a Dawanau, in bashin taki na wuyansa kuma ba shi da kuɗin mota, sanin bai hana shi sallamawa a ƙofar gida ba. Dillalai kuma ba su watse ba, sai ma kowanne ya sayi waya biyu.

Sunan dillali ya faɗi abin da ya sa. Dillali daga Larabci ne, saiwarsa ɗaya da dalili: mai nuni, mai ja-gora. La'adar da yake karɓa ita ma 'yar'uwar al'ada ce, wato abin da aka saba bayarwa, ba a cinikinsa. In da nuna farashi ne kaɗai aikinsa, da waya ta gama da shi tuntuni. Abin da la'ada ke saya ya fi haka nauyi, kuma George Akerlof ya ba shi siffa a wata maƙala ta 1970 wadda mujallu uku suka fara ƙin bugawa, daga baya ta kai shi ga kyautar Nobel ta 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Misalinsa tsofaffin motoci ne. Mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, don haka ba zai taya sai da kuɗin tsaka-tsaki. Mai mota mai lafiya ya ga tayin ya yi masa kaɗan ya janye, saura su zama gwangwani, tayi ya ƙara faɗuwa, a hankali kasuwar ta cinye kanta. Malamanmu na zaure sun karanta maganin wannan a Risala tun suna yara, a babin ciniki, inda aka hana algus da ɓoye aibi. Hani dai hani ne, kasuwa kuma na bukatar wanda za a kama in an saɓa.

A kara, wanda ake kamawa shi ne dillali. In saniya ta kwana biyu ta faɗi da ciwon da aka ɓoye, wurinsa za a dawo. In ta tabbata ta sata ce, shi zai fito da wanda ya kawo ta ko ya kwana a hannun hukuma. A shekarun nan na ɓarayin daji, "ta waye?" ta fi "nawa?" nauyi a Jihar Katsina, har gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama a 2021 don toshe hanyar shanun sata. Wannan ɗaukar nauyi shi ake kira lamuni, kuma a kansa fataucin Hausawa ya tsaya tun kafin mota. Abner Cohen, da ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun arewa bashi, ba takarda ba kotu. Maigida, wato mai masaukin fatake, shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa, ya riƙe a kansa wane mahauci ke biya wane ke da taurin bashi. In mahauci ya gudu, maigida ya biya daga aljihunsa, in ba haka ba fatake su sauya masauki, shi ke nan ya mutu a sana'a. Kintacensa na da daraja ne saboda gidansa na nan, ana iya zuwa a yi sallama.

Akwai ma ƙarin shaida daga kan iyakarmu. Aker da wasu abokan aikinta sun buga wani bincike a 2014 a kan gero da wake tsakanin Nijeriya da Nijar, suka ga iyakar ba ta raba farashi sosai inda Hausawa ne a tsallake biyun, alhali a cikin Nijar kanta akwai tazara tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa, inda ba shinge ba kwastan. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ya ga mutanen Matamaye da Damagaram sun ƙetaro ta Kwangwalam ana ba su kaya a kan magana, ba zai yi mamaki ba. Sanayya ke rage tsada, ba labarin farashi kaɗai ba.

A nan ne nake ganin sunan "basira" ke yi mana sakiyar da ba ruwa. Yana sa mutum ya tambayi abin ko ya sani, alhali tambayar kasuwa ita ce ko ya lamunta. Na'ura za ta iya koyon kintatar nauyin sa daga hoto, wata rana ma ta fi ido. Amma a duba ƙasan akwatin da ake rubuta mata tambaya, akwai ɗan siririn rubutu da ke cewa tana iya kuskure, mai amfani ya bincika da kansa. Dillalin da ya buɗe baki da wannan magana a karar Mashi, ran nan zai koma gona. Inda aka gwada ɗora mata aikin maigida kuwa, an ga abin da ya biyo baya. Manhajojin rance na waya suna kintatar mai biya daga saƙonninsa da shige da ficen kuɗinsa, su ba shi cikin minti kaɗan ba jingina. Da aka zo wurin wanda bai biya ba, ba masauki ba sanayya, sai wasunsu suka koma tonon silili: su kwashe lambobin da ke wayar mutum, su aika wa surukansa da abokan aikinsa cewa ɓarawo ne. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, a 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan masu rance. Kintace ya yi araha, lamuni kuwa yana nan da tsadarsa.

Tambaya ta biyu da kalmar dillali ke jawowa ita ce: na waye? A kasuwa an san mai biyan la'ada, kuma kowa na ganin hannun da ya miƙa ta. Manhajar da ke ba ka shawara kyauta fa? Jean-Charles Rochet da Jean Tirole, wanda ya ci Nobel a 2014, sun yi bayanin irin wannan kasuwa mai ƙofa biyu a 2003: mai dandali kan shigar da ɓangare ɗaya kyauta don ya tatsi ɗayan. Mafi yawan kuɗin shigar Google da Meta daga talla suke fitowa, wato mai haja ke biyan la'ada, kai kuma hankalinka da bayananka ne aka kai masa. A Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Ba laifi ba ne dillali ya zama na mai kaya. Laifin shi ne ya zauna kusa da kai yana kiranka ɗan'uwa.

Kalmar farashi ma baƙuwa ce, Turanci ce da ta shigo tare da kantunan Turawa, inda ake rubuta kuɗi a manna, ba ragi. Namu na gado tayi ne, kuma tayi hira ce.

"Taya, Alhaji."

"Ɗari uku."

"Albarka."

"Da ashirin."

"Albarka dai, Alhaji. Dubi ƙirjinsa fa, wannan ba na jiya ba ne."

Alhaji ya juya kamar zai tafi, ya yi taku huɗu yana gyara hula. Dillali ya sunkuya ya yi raɗa da mai sa, sannan ya ɗaga murya: "Dawo, Alhaji, cika da hamsin a sallama maka." Ba wanda ya ambaci dubu, kowa ya san ta. A cikin wannan ɗan lokaci kowanne ya karanci ɗan'uwansa. Dillali ya dubi takalmin Alhaji da makullin motar da ke hannunsa, Alhaji kuma ya lura mai san ya ƙagu, rana ta yi, ƙila gobe suna ne a gidansa. Arthur Pigou na jami'ar Kambirij ya rarraba wannan ɗabi'a ta sayar wa kowa gwargwadon aljihunsa tun 1920, ya ce matakinta na ƙoli, inda za a karɓe wa kowane mutum iyakar abin da zai iya biya, da wuya ya yiwu a aikace, don mai kaya ba ya ganin zuciyar mai saye. Na'ura ta matso da shi kusa. Ta san irin wayarka, unguwarku, abin da ka nema jiya da tsakar dare, sau nawa ka dawo kana leƙen kaya ɗaya. A Yulin 2024 hukumar ciniki ta tarayyar Amurka ta nemi bayani daga kamfanoni takwas a kan irin wannan sa kuɗi. Bambancinsa da tayi shi ne kallon na gefe ɗaya ne. Ba fuskar da za ka karanta, ba taku huɗun da za ka yi a kira ka, kuma ba ka jin abin da aka ce wa na kusa da kai. "Albarka" kalma ce ta mutunci, ƙi ne da aka naɗe cikin addu'a, amma sai da mai ji ake faɗinta.

Sauran dabarun kuwa litattafan fiƙihu sun riga sun ba su suna, ana karanta su a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Najashu shi ne mutum ya ƙara tayi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na gefe. A 2015 aka kama wani ɗan kasuwa a Landan, Navinder Sarao, wanda daga ɗakinsa a gidan iyayensa yake sa manhaja ta jera manyan tayi a kasuwar Chicago ta janye su kafin a sallama. Hukumomin Amurka sun danganta aikinsa da rikitowar kasuwar hannayen jari ta ranar 6 ga Mayu 2010, kuma ya amsa laifi a 2016. Najashu ne tsantsa, sauri kawai aka ƙara masa. Tarbar ayari kafin ya iso kasuwa, don a saye kaya tun mai su bai ji yadda ake ciki ba, shi ma an hana, kuma 'yan na-kama da ke tsayawa a bakin hanya da sassafe suna riƙe igiyar akuya tun ba a sauke ta daga babur ba, jikokin masu wannan sana'a ne. A 2010 wani kamfani ya kashe kimanin dala miliyan 300 ya shimfiɗa wayar sadarwa miƙaƙƙiya daga Chicago zuwa New Jersey, don saƙo ya riga na kowa isa da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Masu hayar wayar nan tarbar ayari suke yi.

Wuri ɗaya ne na ga kalmominmu sun gaza, na Turawan ma sun gaza. Haɗin baki muke cewa in 'yan kasuwa sun shirya tsawwala kuɗi, kuma Adam Smith ya yi kashedi tun 1776 cewa da wuya masu sana'a ɗaya su taru hira ba ta ƙare a nan ba. Dokar gasa ta Nijeriya ta 2018 yarjejeniya ta hana, shi ya sa da ƙungiyar masu POS ta sanar da kuɗin cira na bai-ɗaya a Legas a 2023, FCCPC ta taka mata burki nan take: an yi taro, an yi sanarwa, ga baki ga shaida. To, a 2020 Emilio Calvano da abokansa uku, masana daga Italiya, suka buga gwajin da suka yi da manhajojin sa farashi. Kowacce an ce mata ta nemi riba kawai, ba hanyar magana a tsakaninsu. Da aka bar su suna ta gwaji, sai suka koyi riƙe kuɗi a sama, in ɗaya ta karya sauran su bi ta ƙasa na ɗan lokaci kamar horo, sannan a koma sama tare. Wani bincike a gidajen man Jamus, inda irin waɗannan manhajoji suka yaɗu wajen 2017, ya ga riba ta ƙaru a wuraren da gidajen mai biyu masu gasa duk suka ɗauke su. A Agustan 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta maka kamfanin RealPage a kotu, bisa zargin manhajarsa na daidaita wa masu gidajen haya kuɗi. Yaya za a kira haɗin bakin da ba baki a cikinsa? Wa sarkin kasuwa zai aika a kira? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane gidan mai ke sa nasa kuɗin, saboda haka maganar ba ta yi mana nisan da muke zato ba.

Ni dai da za a bi tawa, a bar wa labaran rediyo ƙirƙirarriyar basirarsu, tunda bakin alƙalami ya bushe. A aji a ce na'urar kintace, don yaro ya san iyakarta tun farko. In ta shigo ciniki kuwa a kira ta dillali, a yi mata tambayoyin da ake yi wa kowane baƙon dillali: ina masaukinka, wa ke ba ka la'ada, wa za a kama.

Kafin nan ma akwai aiki a gabanta, don abin da aka rubuta take koyo, cinikin Mashi kuwa a iska yake. Tiya ba kilo ba ce, ta wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, kuma akwai mai tozo akwai shafaffiya, ga gyara da ake ɗorawa bayan an gama awo. Jaka a bakin dattijon Nijeriya naira 200 ce, gadon fam 100 na kafin canjin kuɗi na 1973. A tsallaken iyaka jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, ba ta Amurka ba. Manhajar da ta ji "dala ɗari" a saƙon murya daga Maraɗi ta lissafa da kuɗin Amurka ta halaka mai ita. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe da aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo, amma jin Hausa daban, jin kasuwa daban.

Abin da ya fara sauya cinikin nan na iska shi ne ƙarancin takardun naira na farkon 2023. A watannin nan mutanen da ba su taɓa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da yatsa ba suka koyi jiran alat, mai POS ya kafa lema a bakin kara, kuma da kuɗi suka dawo bai tashi ba. Daga nan cinikin dabba da hatsi ya ƙara barin sawu a rubuce: wa ya tura wa wa, nawa, wace rana, ƙarfe nawa. Sawun nan ba ya hannun sarkin kasuwa ko ƙungiyar dillalai, yana rumbun bankuna da kamfanonin kuɗi na waya irin su OPay da Moniepoint, kuma da irinsa ake koya wa na'ura sanin wanda ya cancanci bashi, ilimin da a da yake cikin kan maigida shi kaɗai. Abin da rasit ɗin bai nuna ba shi ne ko kuɗin na sa ne, ko biyan tsohon bashi, ko na mutum biyar ne da suka haɗa aka tura ta asusun yaron da ke da waya.